Ƙafar Da Fada Ya Wanke

Ƙusar karusa ce, tsohuwa mai tsatsa, ta faɗo daga katakon da kafinta ya ɓamɓare, ta kwanta a ƙofar sito da bakinta a sama. Nang Trining ta fito da kwandon shanya ta taka ta. Ƙusar ta huda silifas ta shige tafin ƙafar dama, amma tsohuwar ba ta ji komai ba, don ciwon suga ya daɗe da kashe mata tafin ƙafa. Sai da ta waiwaya ta ga jini yana bin sawunta a kan siminti har kicin, sannan ta zauna ta zare ta da hannu. Ta tafasa ganyen gwaba ta wanke wurin, ta ɗaure da tsumma, ta koma kan shinkafar da ta ɗora.

Lokacin azumin Kirista ne, gab da Ista, kuma a gidan Balbuena azumi lokacin aiki ne. Gidan ne yake riƙe da mutum-mutumin Maryamu Uwar Baƙin Ciki, wanda ake ɗorawa a karusa a zaga garin Santa Rufina da shi ranar Juma'a Mai Kyau. Uwa, kamar yadda mutanen gidan suke kiranta, tana da ɗakinta a sama, da na'urar sanyaya ɗaki da ba a kashewa, saboda zafi yana ɓata karan-miski. Nang Trining kuwa a ƙarƙashin matakalar bene take kwana, kusa da buhunan shinkafa.

Da ƙafar ta fara kumbura, ta sami uwargidan a baranda tana waya. Inday Luming ta yi furfura, tana da jikoki a Manila, amma Nang Trining ce ta rene ta tun tana tsumma, don haka har yau Inday take ce mata, wato 'yar yarinya.

"Inday, ƙafar nan tawa fa."

Inday Luming ta ɗaga mata yatsa ta ci gaba da magana. Ita ce shugabar kwamitin adalci na cocin, kuma kada a ci zalinta, ba shugabar suna ba ce. Ta taɓa wuni a rana a ƙofar injin rake saboda masu saran da aka hana haƙƙinsu. In injin ya tsaya yunwa ta shiga bukkoki, motarta ce take kai shinkafa. Duk mai kuka a gundumar nan ya san lambar wayarta.

"Me kika ce, Nang?" ta tambaya bayan ta kashe, idonta yana kan wani saƙon.

"Ƙusa na taka. Ta ƙi lafawa."

"Ayya, sannu. Kin sa ganyen gwaba? Ki ci gaba da sawa. Bari mu gama da zancen mutanen gonar nan, ni da kaina zan kai ki wurin likita. Ki tuna mini."

Nang Trining ta tuna mata. Ranar sai ga wata mata da mijinta ya fasa mata baki, aka tafi ofishin 'yan sanda. Ta sake tunawa, ya zamana direba ya tafi da mota ɗauko furanni. Daga nan ta fara jin nauyin maganar, don mutum in ya cika faɗin abu ɗaya sai ya ga kamar roƙo yake.

Pasing mai wanki ce ta fara toshe hanci. Tana zuwa gidan ne ta yi wankinta ta tafi, bakinta kuma ba shi da linzami. Ta durƙusa ta kwance tsumman da ƙarfi, ta duba, ta ja da baya.

"Yesu, Maryamu, Yusufu! Nang, wannan ƙafa ce ko kifin da ya kwana a kwale-kwale?"

"Rufe mini baki, mara kunya."

"Bakina zai rufu, amma hancin mutane fa? Tashi mu je ɗakin shan magani. Ga shi nan bayan kasuwa, ba sai da mota ba."

"In tafi in bar wa wa tukunya? Yau 'yan kwamiti suna zuwa."

"Su ci kwamitinsu. Ke ba ki da ranar hutu ne? Ko mai saran rake yana da Lahadi."

Ba ta da ita, kuma a ranar ta ji dalili da kunnenta. Matan kwamiti sun cika baranda, suna tattauna yadda za su wayar da kan masu gida game da haƙƙin 'yan aiki: hutun mako, katin asibiti, wurin kwana na mutunci. Nang Trining tana zuba musu kofi, ta jingina ƙugu da tebur ta ɗage ƙafar dama daga ƙasa. Wata sabuwar shiga, malamar firamare, ta yi tambayar da ba a yi.

"Ita Nang fa, wace rana take hutawa?"

Inday Luming ta yi dariya, ta kamo hannun tsohuwar ta ɗora a kumatunta. "Wannan? Ai wannan ba 'yar aiki ba ce. Uwa ce a gidan nan. Wa yake rubuta wa uwarsa ranar hutu? In na ce ta zauna ma faɗa za ta yi mini."

Mata suka ce ayya, wata har ta share ido. Nang Trining ta yi murmushi, don maganar ta yi mata daɗi, kuma abin da ya fi ciwo ke nan. Ta kwashe kofuna ta koma kicin tana dafa bango.

Kafin Lahadin Ganye, wato mako guda kafin Ista, yatsu biyu sun yi baƙi. Zazzaɓi yakan sauko mata da la'asar, ya bar ta da jiri da ɗacin baki. Aiki kuwa ya ninka. Ga rigar Uwa ta baƙin karan-miski da sai an turara ta an bi ta da hannu, ga mayafi, ga fitilun karusa da za a goge, ga shinkafa mai danƙo da za a naɗe a ganyen ayaba don mazan da za su tura karusa. Tana hawa benen da gwiwa da hannu in ba kowa, in ta ji motsi sai ta miƙe. Ba zafi ne ya fi damunta ba. Gajiya ce irin wadda barci ba ya ɗaukewa, da tsoron da take ji duk lokacin da ta kwance tsumma ta ga baƙin ya ƙara hawa.

A ɗakin Uwa ta tare Inday Luming. Wannan karon ba ta yi magana ba, zama ta yi a ƙasa ta kwance ƙafar ta miƙa.

Inday Luming ta duba, fuskarta ta canza, ta kai hankici hanci kafin ta ankara. "Nang! Tun yaushe ta zama haka? Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Na gaya miki, Inday."

"Ba ki ce ta kai haka ba." Ta leƙa ƙofa ta kira mijinta. Toto Ading ya tsaya daga bakin ƙofa da jarida a hannu, ya miƙa wuya.

"Wannan in aka kai ta asibiti kwantar da ita za su yi," in ji shi. "Ba za su sake ta a makon nan ba." Ya faɗi haka ya koma, shi a ganinsa ya ba da tasa gudummawar.

Inday Luming ta dubi mutum-mutumin da yake tsaye ba riga, ta dubi ƙafar, ta sake duban mutum-mutumin. Nang Trining ta rene ta, ta san fuskarta in tana lissafi.

"Nang, ki ji ni. Tun zamanin Mama ba hannun da yake sa wa Uwa riga sai naki. In suka riƙe ki, wa zan sa? Pasing? Ga baƙi, ga Alhamis, ga Fada ya ɗora mini zancen mutum goma sha biyu. Ki yi mini haƙuri Ista ta wuce. Litinin da sassafe, na rantse da kabarin Mama, likitan kuɗi zan kai ki, ba na gwamnati ba." Ta durƙusa ta riƙe mata kafaɗa, muryarta ta yi laushi. "Makon wahala ne, Nang. Ki miƙa wa Ubangiji taki wahalar, ki haɗa da tasa."

Ta kawo mata ragowar ƙwayoyin da aka ba Toto Ading lokacin ciwon haƙori, da safa mai kauri, da kwalbar turare.

Zancen mutum goma sha biyu kuwa sabon abu ne a garin. Kowace Alhamis Mai Tsarki Fada, limamin cocin, yana wanke ƙafafun mutum goma sha biyu a gaban bagade, yadda Yesu ya yi wa manzanninsa. A da manya ake zaunarwa, masu gonaki da lauya da mai kantin magani, su zo da ƙafafu fes suna ƙamshin sabulu. Fada Ruperto, matashi mai zafin wa'azi, ya ce bana talakawa zai wanke wa. Inday Luming ce ta goya masa baya har manya suka yi shiru, ita ce kuma ta zaɓo mutanen: masu saran rake, masunci, mai tura baro a kasuwa, da Pasing mai wanki.

Da yammacin Alhamis coci ya cika har waje. Nang Trining tana tsaye a gefen bagade da tawul-tawul a hannu, ta cusa ƙafar cikin safa da wani tsohon takalmin Toto Ading, ta zazzaga turare. Idonta yana ganin kyandirori biyu-biyu. Aka jera benci, aka zaunar da mutane, sai aka ga gurbi ɗaya ba kowa. Wani mai saran rake ne shugaban aikinsu ya hana shi tashi da wuri. Fada ya waiga, idonsa ya faɗa kanta, fuskarsa ta washe.

"Ga Nang Trining! Wa ya fi ta cancanta? Nang, ajiye tawul ki zo ki zauna."

Inday Luming ta taso da sauri kamar mai taimaka wa tsohuwa tafiya. Ta riƙe ta a gwiwar hannu, ta kai baki kunnenta.

"Ta hagu, Nang. Ƙafa ɗaya yake wankewa. Don Allah ta hagu. Kada ki kunyata ni a gaban gari."

Aka zaunar da ita kusa da Pasing. Fada ya tuɓe babbar riga, ya ɗaura tawul a ƙugu, ya fara daga ɗaya ƙarshen yana tafiya da gwiwa. Ya zuba ruwa, ya goge, ya sunkuya ya sumbaci ƙafa, ya matsa gaba. Mawaƙa suna rera waƙar ƙauna. Masu saran rake sun sunkuyar da kai don kunya, faso ya tsattsage musu dugadugai.

"Ba shi ɗayar," Pasing ta raɗa mata ba tare da ta juyo ba. "Nang, Allah ne ya kawo miki shi har ƙasa. Cire takalmin nan ki ba shi ɗayar."

Nang Trining ta ji. Ta kuma san gaskiya Pasing take faɗa: in safar nan ta fita a gaban bagade, kafin a gama sujadar Misa tana asibiti. Ta ɗaga ido ta hangi Inday Luming a benci na gaba, ta haɗa hannuwa a ƙirji, leɓenta ya bushe. Ba shugabar kwamiti ta gani ba. Yarinyar da take ɓuya a bayan siket ɗinta in ta fasa faranti ta gani. Duk rayuwarta aikinta ke nan, ta rufa wa yarinyar nan asiri, kuma ta gaji da yawa da za ta koyi wani aikin a yammacin nan.

Ta tura ƙafar dama can ƙarƙashin benci, ta saki siket a kanta, ta zare silifas ɗin hagu.

Fada Ruperto ya iso. Ya ɗan tsaya, hancinsa ya motsa, ya haɗiye yawu. Sannan ya yi murmushi, ya tallabi lafiyayyar ƙafar ya zuba mata ruwa mai ɗumi, ya goge tsakanin yatsu a hankali, ya sumbace ta. A wa'azinsa ya ambaci sunanta. Ya ce Yesu yana cikin kicin ɗinmu muna wuce shi kullum, ya ce gidan Balbuena ya nuna wa gari yadda ake mai da bara ɗan gida. Mutane suka juya suna duban Inday Luming, ita kuma ta sunkuyar da kai tana kuka.

Washegari Nang Trining ta sa wa Uwa riga. A zaune ta yi rabin aikin, a durƙushe ta yi sauran. Da aka fito da karusa tana walƙiya, aka miƙa mata kyandir ta bi baya da mutanen gida kamar kowace shekara. Ta wuce kasuwa, ta wuce gidan mai. A kwanar makabarta ƙasa ta juya mata, ta faɗi, kyandir ya mutu. Karusa ba ta tsayawa in ta kama gangara, don haka ta wuce da masu waƙa da masu ganga da Inday Luming, wadda take gaba riƙe da igiya ba ta ma sani ba. Pasing ce da wasu masu saran rake biyu suka cicciɓe ta suka sa a babur mai akwati.

Likitan asibitin lardi ya yanke safar da almakashi. Bai yi faɗa ba, ya ga irin wannan ya gaji. Ya ce da an kawo ta da wuri da wanki da allura sun isa, da an kawo ta makon jiya da yatsu kawai za a cire. Ranar Asabar, lokacin da ake share coci ana jera fararen furanni, aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Coci bai yi sakaci ba, a nan ma kada a ci zalinsa. Ranar Ista aka zaga da kwando na musamman don tara mata kuɗi, har masu tura baro suka saka. Aka yi mata addu'a da suna. Bayan sujada, 'yan kwamiti suka zo asibiti da lemo da madarar gwangwani, suka kewaye gadon. Inday Luming ta faɗa kan ƙirjinta tana kuka, kuma kukan na gaske ne.

"Ɓoye mana ta yi," take gaya wa matan tana jan hanci. "Kun san tsofaffin nan da zurfin ciki. Ina cikin gida ɗaya da ita, ina ta fama da na waje."

"Haka suke," in ji wata. "Mahaifiyata ma haka ta yi mana."

Nan take suka yanke shawarar kwamiti zai shirya taron wayar da kai game da ciwon suga, a gayyato nas, a buga takarda. Aka tsayar da wadda za ta kawo abin sha. Ba wadda ta yi ƙarya da gangan, ba wadda ta zo da mugun nufi. Mutanen kirki ne, masu tashi tsaye in an zalunci wani a gonar da ba tasu ba. Zaluncin da yake dafa musu shinkafa ne ba sa iya gani, don ya san yadda suke son kofinsu, kuma suna ce masa uwa.

Nang Trining tana kwance tana jin su sama-sama. Ba ta ji haushi ba, ƙarfin jin haushin ma babu. Ƙafar da aka yanke tana yi mata ƙaiƙayi a wurin da ba komai sai zanin gado. Pasing tana zaune a ƙasa ta jingina da bango, tana ɓare lemon da aka kawo tana ci ba tare da an ba ta ba.

Fada Ruperto ya shigo daga baya. Mata suka buɗa masa hanya. Ya tsaya a gefen gadon, ya dubi inda zanin ya lotsa, ya kasa ɗauke ido.

"Nang," ya ce, "me ya sa ba ki gaya wa kowa ba? Ko ni da kin gaya mini. Ina gabanki a durƙushe ranar Alhamis."

Inday Luming ta daina kuka. Nang Trining ta dube ta, ta ga leɓen nan ya sake bushewa, sai ta mai da ido kan Fada.

"Fada, da ka durƙusa, ba ka ji komai ba?"

Kunnuwansa suka yi ja.

"Na ji, Nang," ya ce a hankali.

"To."

"Na ɗauka..." Ya dubi matan, ya dubi ƙasa. "Mutum goma sha ɗaya na wanke kafin ke. Na ɗauka..."

"Ka ɗauka haka talaka yake wari," in ji Pasing daga ƙasa, ta tofar da ƙwallon lemo a tafin hannu.

Ba wanda ya tsawata mata. Fada, mutumin da wa'azinsa yake girgiza masu gonaki, ya tsaya da hannuwa a sake. Can ya sunkuyo, ya tambaye ta ko akwai abin da zai yi mata, ko mene ne.

Nang Trining ta yi tunani. Abin da take so an riga an fita da shi a bokiti. Ta ɗaga kai da ƙyar ta hangi ƙarshen gadon, inda ƙafar hagu ta leƙo daga zani ita kaɗai, fanka tana kaɗa ta.

"Rufe mini waccan, Fada," ta ce. "Sanyi take ji."

Ya ja zanin ya rufe ta. Ta juya fuska bango ta lumshe ido.